Azumin Yankan Jarida

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da ko inuwa ba ta maganinsa. Da azahar in ka taka simintin tsakar gida ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Shekaranjiya ina kwance a falo, na jiƙa zane na lulluɓa, fanka tana ta juyo mini iska mai ɗumi, sai 'yata Hafsa ta jawo kwamfutarta ta zauna a gefena. Turanci take karantawa a jami'a, kuma tana cikin yaran nan da ba sa iya koyon abu su bar shi a cikinsu. Ta ce in duba abin da aka nuna musu. Ta rubuta kalma ɗaya ta danna, sai ga jimloli sun jeru daga sama har ƙasa, kalmar nan tana tsakiyar kowace, ana ganin abin da ke gabanta da abin da ke bin bayanta. Ta ce wai yanzu haka masana ke gano yadda masu harshen ke ɗinka magana da gaske, ba yadda littafin nahawu ya ce su yi ba.

Na ce ta ɗauke mini abin nan daga gabana. Ta tashi tana ƙunƙuni, a zatonta azumi ne ya taɓa ni. Azumi ne kam, amma ba na bana ba.

Wata yana zagayawa ya dawo inda ya baro. Wancan karon da azumi ya zo a irin wannan zafin ina yarinya, shekarar da na fara ɗaukarsa cikakke ba rabi da rabi ba. Abin da Hafsa ta yi da yatsa ɗaya, mu a gidanmu da almakashi da reza muka yi shi. Ya cinye mana watan gaba ɗaya, kuma a cikinsa ne Babanmu ya rasa ɗansa alhali ɗan yana raye.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, sufeton makarantu ne, ɓangaren Turanci. Ina yi masa addu'a don uba ne, amma ba zan yi masa kwalliyar da bai yi wa kansa ba. Mutum ne mai sanyin murya da taurin zuciya. Bai taɓa ɗaga hannu a kanmu ba, kuma da dukan yake yi da ya fi sauƙi, don jiki yana mantuwa. A shekarar da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata, sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama. Muka kwashe kaya daga gidan gwamnati na Unguwar Rimi, mai bishiyar mangwaro da famfo har a kicin, muka koma ciki da falo a wani gidan haya a Hayin Banki. Maƙwabtanmu direbobi ne da masu tura baro, mutanen Katsina da Zamfara, masu kirki da son hira. Baba yana amsa gaisuwarsu da ka kawai.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da Yaya Kabiru. Yaya a lokacin ya kai shekara ashirin, dogo, mai faɗin kafaɗa, hannunsa da albarka. Rediyon da ya mutu in ya shiga hannunsa sai ya yi magana. Amma sau biyu yana zana jarrabawar gama sakandare, yana cin komai da kyau, Turanci yana kayar da shi. Ɗan sufeton Turanci. Baba ya ɗauki abin kamar an tsaya a bakin kasuwa an zage shi, ya daina kallon Yaya idan yana magana. Shi kuwa Yaya ba abin da yake so a duniya irin ya koma makaranta, kuma uban nan nasa ya dube shi sau ɗaya a matsayin ɗa.

Zaman gida ya sa Baba ya tono wani tsohon buri. Ya ce littattafan nahawun da ake koya wa yara ƙarya suke yi, doka suke jerawa, alhali harshe ba doka ba ne, sabo ne. Ya ce kowace kalmar Turanci tana da zubin da take fitowa a ciki, kuma in ka tara jimloli masu yawa daga rubutun masu harshen za ka ga zubin yana maimaita kansa. Akwai aikatau da ba ya fita sai da wata 'yar ƙaramar kalma a bayansa, kamar makaho da ɗan jagora. Akwai wanda in ka ba shi jagoran wani sai ya faɗa rami. Shi zai tara su, ya kasa su gida-gida, ya yi littafin da ba a taɓa yin irinsa ba a Arewa. Maganar gaskiya, tunanin ba na banza ba ne. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

A sahur ɗin farko ya ajiye cokali ya faɗa mana tsarin watan. Yana da abokin karatu, wani Dakta da ke koyarwa a Zariya, wanda ya yi alkawarin zuwa shan ruwa a goman ƙarshe don ya ga aikin. Sai ya juya ya dubi Yaya, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Kabir, in ka tsaya aikin nan ya kammalu, zan gabatar da kai gare shi da kaina."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce to. Kowa ya san Daktan nan yana da ta cewa a karatun share fage, inda ake ɗaukar irin su Yaya a gyara musu abin da ya kayar da su. Baba bai ambaci makaranta ba. Mu ne muka ji ta a cikin maganarsa.

Sannan ya kafa wata doka. Daga ketowar alfijir zuwa kiran magariba, ba a Hausa a ɗakinmu. Ya ce kunne da baki sai da sabo. Ummanmu ba ta yi boko ba, don haka dokar a kanta ta fi sauka. Ta zama bebiya a ɗakinta. In tana son tsintsiya sai ta nuna, in tana son in zo sai ta buga murfin tukunya. Idan abin ya ishe ta sai ta fita wajen matan haya ta zauna a gindin murhu, a can take amayar da abin da ta haɗiye.

Ga yadda ranakun suke tafiya. Sahur ɗumamen tuwo ne in an samu, in ba a samu ba garin kwaki da ruwa da ɗan ƙuli. Ana idar da asuba Yaya zai ɗauki jarkoki ya tafi layin ruwa, don famfon unguwar ya ƙafe tun kafin a ga wata, rijiyar gidan kuma guga sai ya kankaro taɓo. Yana dawowa zai kama hanyar Babbar Kasuwa a ƙafa, wajen masu sayar da tsofaffin jaridu. A can yake kokawa da masu ƙosai da masu tsire, su suna neman abin naɗi, shi yana neman abin karantawa. Baba ya fi son na ƙasar Ingila da tsofaffin mujallu, in Yaya ya samo ɗaya sai ka ga kamar ya tsinci dami a kala. Yakan dawo rana ta take, ɗaurin jarida a ka, rigarsa ta manne da baya, leɓɓansa sun yi fari fat.

Kafin ya dawo Umma ta dama abin liƙi. Da garin rogo ake yinsa, a tukunyar da ake dama mana kunu, kuma daga kwanon da muke ci ake ɗiba. Ni aikina yanka kwalayen sabulu zuwa ƙananan kati. Baba zai zauna a kujerarsa ɗaya tilo ya faɗi kalmomin ranar, mu kuma mu shimfiɗa jarida a tabarma mu bi layi-layi da yatsa. Duk inda kalmar ta ɓullo, a yanko jimlar gaba ɗaya, a shafa mata liƙi, a manna a kati, a miƙa masa. Shi zai ja layi a ƙarƙashin abin da ya biyo bayan kalmar, ya jefa katin a gwangwanin madarar da ya dace. Gwangwanaye suka cika ƙarƙashin gado, suka hau kan taga, har Umma ta rasa inda za ta ajiye kwallarta.

Zafin shekarar nan ban manta shi ba. Kwanon rufin ɗakin yana ƙara shi kaɗai kamar ana jifansa. Ba a kunna fanka ko an kawo wuta, don kada iska ta watsa yankakkun takardu, ba a kuma buɗe taga. Gumi yana ɗiga daga haɓa ya faɗa kan jarida, tawada ta narke ta bi yatsu, in ka share fuska ka zama dodo. Ƙuraje suka feso mini a wuya da baya. Idan la'asar ta kusa haruffa sai su fara tafiya a idona kamar kiyashi. Ga ƙamshin liƙin nan, ɗumi-ɗumi kamar koko, yana tashi daga kwano a gaban mai azumi. Allah ya sani sau nawa na haɗiye yawu na kawar da kai. Kyankyasai su ba sa azumi, da safe sai mu tarar sun lashe bayan katin sun bar jimla tana reto.

Akwai ranar da garin ya rage ɗan kaɗan a gindin kwano, ba zai isa liƙi da sahur ba. Umma ta kawo kwanon ta karkata shi a gaban Baba, tunda ba ta da bakin faɗa. Ya leƙa, ya nuna mata tukunyar liƙi, ya koma kan katinsa. An ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, to mu washegari da ruwa zalla muka ɗauki azumi. Yaya kuma ya tafi layin ruwa da kasuwa yadda ya saba.

Da an cika tire sai a fitar da katunan tsakar gida a baza a tabarma su bushe, a danne da ƙananan duwatsu. Matan haya suna wucewa suna tambayar Umma ko sabon ƙanzo ne muke shanyawa, ita kuma ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Kiran magariba kuwa sau biyu yake kwance mana baki, ga ruwa ga Hausa. Kunun tsamiya tsararo, kana ganin fuskarka a ciki, da ƙosai in Allah ya sa maƙwabta sun miƙo. Muna ci da yatsu baƙi ƙirin don sabulu ya zama abin lallaɓawa.

Amma a watan nan ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin haka ba, kuma wannan ne ke ƙona mini rai har yau. Baba ya fara sauraronsa. In ya dawo daga kasuwa sai ya ce ya zauna ya ba shi labarin hanya, da Turanci, kada ya ji tsoro, ya saki baki. Yaya zai yi ta zuba, yadda ya yi ciniki, yadda wani mai tsire ya so ƙwace masa mujalla, yadda ƙishi ya kama shi a hanya. Baba ba ya gyara masa ko kalma ɗaya. Sai dai ya zaro farin kati daga aljihun gaba ya rubuta wani abu, ya mayar, ya ce ci gaba. Mutumin da ya shekara ba a kalle shi ba, yau ga shi ana rubuta maganarsa. Wata rana bayan shan ruwa ya ja ni gefe, idonsa yana ƙyalli.

"Zainabu, kin ga Baba yana rubuta abin da nake faɗa? Ko a jarida fa sai jimla mai kyau yake ɗauka."

Na ce na gani. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Umma ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Ba ta jin abin da ake faɗa, amma ta shekara ashirin da wani abu tana kallon fuskar mijinta. Sai dai Yaya ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, balle ta tsaya masa a gaban ubansa. Kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce, haka aka tarbiyyantar da ita. Abin da ta iya shi ne ta kira ni wajen murhu ta ce in gaya wa wancan ya rage surutu. Na kai saƙo. Yaya ya yi dariya ya ce Umma kishi take yi don ba ta jin hirar.

Ranar da Dakta zai zo aka tashi da aiki kamar za a yi suna. Umma ta kama kazarta guda ɗaya, wadda take yi mana ƙwai, ta miƙa aka yanka. Aka aro kujeru biyu da faranti daga ɗakin wani direba Bakatsine. Yaya ya yi tafiya mai nisa ya samo ƙanƙara, ya naɗo ta a buhu yana gudu kada ta narke. Baba ya ciro wani tsohon kaftaninsa na zuwa ofis ya ba shi. Yaya ya zuba gawayi a dutsen guga ya goge shi har sau ba adadi, hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba amma ko a jikinsa. Ya je aka yi masa aski. Ya tambaye ni ko in an tafi Zariya ana barin mutum ya zo gida hutun Sallah.

Dakta ya iso dab da magariba a motarsa, mutum mai ƙiba da fara'a, riƙe da rikoda. Aka sha ruwa, aka yi salla, aka gabatar da kaza. Ni ina bakin ƙofa ina miƙa abin da aka nema, Umma tana bayan labule. Baba ya fito da gwangwanaye ya yi ta baza katuna a kan tire, yana nuna yadda kalma ɗaya ke dawowa da zubi ɗaya a bakin marubuta daban-daban. Dakta yana gyaɗa kai yana tsotsar ƙashi. Ya ce aiki ya yi kyau, ya tambayi wanda ya taya shi. Baba ya ce yara ne suka ɗan taɓa.

Sai ya kira Yaya. Ya tsayar da shi a tsakiyar ɗaki, ya ce wa Dakta ya kunna rikodarsa. Ya ce wa Yaya ya ba baƙo labarin zuwansa kasuwa, da Turanci, yadda ya saba. Yaya ya gyara tsayuwa ya fara. Muryarsa tana rawa da farko, daga baya ta zauna, har yana kwatance da hannu. Na ji daɗi a raina, na ce yau kam ya fitar da mu kunya.

Da ya gama Baba ya jawo wani gwangwani daban daga bayan kujerarsa. Fararen katunan aljihunsa ne, na tun farkon watan. Ya jera su a hagu, ya jera na jarida a dama, kowanne da kishiyarsa. Ya ce wa Dakta littafin rabi biyu ne. Rabi yadda masu harshen ke yi, rabi yadda Bahaushe ke ɓatawa, kuma ɓatawar ma tana da zubinta, tana maimaita kanta kamar yadda daidai ke maimaita kansa. Ya ɗauki kati ya karanta jimlar Yaya da irin muryar Yaya, ya ɗauki na jarida ya karanta. Ya sake ɗaukar wani. Inda Yaya ya ce yana jin yunwa ya fassara ta kai tsaye, inda ya ce rana ta dake shi. Duk hirar da ya yi wa ubansa da zuciya ɗaya tana nan, an ja mata jan layi.

"Wasu sai sun shiga ƙauye neman misali," in ji Baba, wannan karon da Hausa. "Ni a gidana na haife shi."

Dakta ya yi dariya har yana dafa ciki. Ba na jin mugunta ce, ya ci kaza ya ƙoshi ne, kuma abin ya zo masa a sabo. Ya ce kaset ɗin nan zai yi wa ɗalibansa amfani ƙwarai. 'Yan haya da suka taru a waje don ganin mai mota ba su san abin da ake yi ba, suka ji manya na dariya suka taya su.

Yaya yana tsaye inda aka tsayar da shi. Gumi ya jiƙa kaftanin tun daga wuya. Sannan ya yi magana a hankali.

"Baba, maganar makarantar fa?"

Baba bai dube shi ba, sai ya dubi Dakta. Ya ce, "Ka ji shi. In aka gyara shi, ina zan samo sauran littafin?"

Suka sake yin dariya. Dakta ya ɗan tsagaita, ya ce ai za a duba, za a duba, irin za a duban da kowa ya san ma'anarsa. A bayan labule na ji murfin tukunya ya faɗi. Umma ba ta fito ba. Na tsani kunyar nan a ranar, na tsani rikodar, na tsani ubana, kuma ban ji tsoron Allah ya kama ni a kan haka ba.

Yaya ya kwashe kwanuka ya kai waje, ya raka baƙo har mota, ya riƙe masa ƙofa. Ya dawo ya cire kaftanin ya ninke ya ajiye a kan gadon Baba. Umma ta ba ni wuyan kaza da romo in kai masa, ya ce ya ƙoshi. Da sahur ma ruwa kawai ya sha.

Na ɗauka washegari ba zai fita ba. Ya fita. Ya ɗebo ruwa, ya je kasuwa, ya zauna ya yi yanka. Baba ya ce ya ba shi labarin hanya, ya yi kamar bai ji ba. Haka aka yi 'yan kwanaki, ɗakin shiru sai ƙarar almakashi.

Ana saura kaɗan Sallah zafin ya kai inda ba ya wucewa. Iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi, kaji suna buɗe baki a gindin bango. Ranar mun baza katuna fiye da kullum, don Baba ya sa an fito da na cikin gwangwani ma su sha rana saboda kyankyasai. Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Kafin a ce haka guguwa ta taso da ƙura da ledoji, ƙofofi suna bugawa, matan haya suna ta kwashe shanya. Ɗigon farko ya faɗo manya-manya, ƙasa ta saki ƙamshin nan da mai azumi ke ji har cikin haƙori. Ruwan farko na shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Aikin wata guda yana tsakar gida. Na dubi Yaya yana zaune a dakali, na ce a raina, zauna abinka, bar shi ya tafi. Da ni ce da ko yatsa ban ɗaga ba. Amma Yaya ya zabura. Ya faɗa kan tabarmar ya tattaro gefunanta, ya rufe da ƙirjinsa, iska tana fizgar katuna yana cafkewa. Ya ɗaga murya yana kirana in kawo buhu, in kawo tire, ruwa yana dukansu. Da Turanci ya yi kiran, don rana ba ta faɗi ba, kuma wata guda ya horar da bakinsa. Na kawo buhu muka lulluɓe. Ruwa yana zuba a bayansa, ya ɗago kai yana neman inda zai bi da kayan.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, inda ruwa ba ya kaiwa. Bai miƙo hannu ba. Farin kati ne a tafinsa, yana rubuta abin da Yaya ya faɗa.

Yaya ya tsaya yana kallonsa, ruwa yana bin fuskarsa. Sannan ya ɗauki tabarmar a hankali, ya raɓa ta gefen Baba ya shiga ɗaki, ya ajiye a kan gado. Ya juya wajen labule ya yi magana da Hausa, da rana tsaka.

"Umma, ga su nan. Ba su jiƙe ba."

Baba ya ce ya maimaita da Turanci. Yaya ya fita ya tsaya cikin ruwan har ya ɗauke.

Bayan Sallah ya bi direban nan Bakatsine a matsayin yaron mota. Umma ta ƙulla masa ƙuli da garin kwaki a tsumma, ta ba ni in ba shi, ta shige ɗaki kafin ya zo sallama. Daga baya ya koyi gyaran janareto, yanzu yana da shagonsa da yaransa a Kawo, yana da rufin asiri fiye da mu duka. Amma tun daga ranar ruwan nan ban sake jin kalmar Turanci ta fita daga bakinsa a jere ba. In takarda ta zo masa ɗansa ke karantawa, in asibiti ne sai ya tafi da mai yi masa magana. Littafin kuwa bai fito ba. Dakta ya yi shiru, gara ta samu gwangwanayen a damina ta uku, Umma ta share abin da ya rage ta zuba a bola.

Da Baba ya tsufa ya kwanta ciwon ajali, Yaya ne ya ɗauke shi ya kai gidansa. Shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi kunu a baki. Ba abin da ya nema ya rasa. Amma daga ina kwana sai sannu, sai Allah ya ƙara sauƙi, ba ya ƙara komai a kai. Baba yana bin sa da ido duk inda ya juya a ɗakin. Wata rana da hantsi ina zaune ina yi masa fifita, Yaya ya gama gyara masa shimfiɗa zai fita, sai Baba ya kamo bakin rigarsa da ɗan ƙarfin da ya rage a yatsunsa.

"Kabir, zauna mana ka yi mini hira. Ko labarin shago ne."

Yaya ya tsaya. Ya cire hannun daga rigarsa a hankali, ya mayar da shi ƙarƙashin bargo, ya gyara masa matashi.

"Baba, ai babu saura," ya ce. "Ka rubuce duka."

Ya fita ya ja ƙofa. Baba ya juyo ya dube ni, yana jira in bi shi in ba shi haƙuri. Na ci gaba da fifita.